KARATUN NOMAN OGANIK A JAMI'A: ABIN DA ƊALIBI ZAI TARAR

Wannan shi ne jawabin da wani malamin ilmin ƙasar noma ya yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare da iyayensu, a wani taron ba da shawara kan zaɓen fannin karatu. An buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Kowace shekara idan lokacin cika takardar JAMB ya zo, akan sami gidajen da ake ja-in-ja tsakanin uba da ɗansa. Uban ya sha wahalar gona, burinsa ɗan ya zama likita ko lauya domin ya huta da fartanya. In yaron ya ce aikin gona zai karanta, sai ran uban ya sosu. In kuwa ya ƙara da cewa noman da ba a sa masa takin zamani yake sha'awa, to, sai a ce ya zautu. Ashe sai an biya kuɗin makaranta shekara 5 kafin mutum ya koyi abin da kakansa ya yi bai san ko alif ba? Tambayar uban tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba, ita ce kuwa wannan jawabi zai yi ƙoƙarin amsawa.

MENE NE NOMAN OGANIK?

Noman oganik shi ne noman da ake ciyar da ƙasa da abin da ya fito daga rai, watau kashin dabbobi da ganyaye da kara da tsirrai masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, ake kuma tsare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka ba tare da takin kanti ko maganin feshi da aka haɗa a masana'anta ba. Yana da dokoki a rubuce, yana da masu duba gonaki, yana da takardar shaida.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Manomin da ya rasa kuɗin buhun taki, ya shuka gero a gonar da ta gaji, da kaka ya kwashe hatsin da karan duka bai mayar mata da kome ba, wannan ba noman oganik yake yi ba. Cin ƙasar yake yi kamar yadda ɗan tireda yake cin jarinsa, kullum kanti yana raguwa yana murna ya yi ciniki. Mai noman oganik wajibi ne ya san abin da amfanin gona ya ɗauke daga ƙasa, ya san ta inda zai mayar da shi. Wannan kuwa aikin awo ne da lissafi.

Asalin maganar daga Turai ta taso. A 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a kama sinadarin naitirojin daga iska, a 1913 kuma Carl Bosch ya mai da wannan dabara masana'anta. Daga nan takin zamani ya yawaita, kuma babu mai musun cewa ya ciyar da ɗimbin jama'ar duniya. Amma tun a lokacin akwai masu ganin cewa in aka dogara da buhu kaɗai za a manta da lafiyar ƙasar kanta. Babbansu shi ne Albert Howard, wani Baturen Ingila da aka tura Indiya a 1905 domin ya koya wa manoma aiki, sai ya tarar akwai abin da shi ma zai koya daga gare su. A garin Indore ya tsara hanyar dafa taki a rami wadda har yau ake kira da sunan garin, ya kuma fitar da littafinsa a kan haka a 1940. A wannan shekarar ce wani Bature, Lord Northbourne, ya raɗa wa wannan noma sunan oganik. A 1972 aka kafa ƙungiyar masu wannan noma ta duniya, IFOAM, a Faransa. Jami'ar Kassel ta Jamus ta naɗa farfesa na musamman kan fannin a 1981, Jami'ar Jihar Washington ta Amurka kuma ta buɗe digirin farko a kansa a 2006.

DARASIN SAMARU

Amma ɗalibin ƙasar nan ba sai ya je Jamus ba kafin ya ga hujja. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda aka fara tun 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1950 masu bincike na wannan wuri suka yanka wani fili gida 81. Wasu gidajen suka riƙa zuba musu kashin shanu kaɗai, wasu takin zamani kaɗai, wasu a haɗa biyun, wasu kuma a bar su haka nan, shekara bayan shekara. Sun kwaikwayi irin gwajin da aka fara a Rothamsted ta Ingila tun 1843.

Bayan shekaru masu yawa sai ƙasar ta ba da amsa da kanta. Inda aka daɗe ana zuba takin naitirojin irin na amoniya shi kaɗai, ƙasar ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke riƙe mata danshi da abinci ya ragu. Inda ake zuba kashin shanu ƙasar ta fi riƙe ƙarfinta. Inda aka haɗa biyun kuwa, nan ne amfanin gona ya fi kyau. Ɗalibi mai hankali zai lura cewa wannan sakamako bai bai wa kowane ɓangare gaskiya duka ba. Ya nuna wa mai buhu cewa buhu kaɗai yana gajiyar da ƙasa, ya kuma nuna wa mai kashin shanu cewa in zai bar buhu gaba ɗaya, to, akwai giɓin da sai ya san yadda zai cike shi.

LISSAFIN DA BA A GUJE MASA

Ga yadda giɓin yake. Malaman gona sukan ba da shawarar a bai wa hekta ɗaya ta masara kimanin kilo 120 na naitirojin a yankin Zariya da makamantansa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, watau buhu 5 da ɗoriya sun isa. Busasshen kashin shanu kuwa, naitirojin da ke cikinsa bai fi kashi 1 cikin 100 da 'yan kai ba. Ke nan ana bukatar wajen tan 12 domin a sami kilo 120 ɗin, kuma ba duka ne shuka za ta samu a daminar farko ba. Saniya guda kan ba da kimanin tan 1 na busasshen kashi a shekara, mafi yawansa kuma a daji take zubar da shi wajen kiwo. Manomi mai shanun huɗa biyu ya yi wannan lissafi, zai ga inda gizo yake saƙa.

Saboda haka ne masu nazari da suka tattara gwaje-gwajen ƙasashe da yawa suka tarar cewa, a jimlace, amfanin gonar oganik yakan gaza na gonar takin zamani da kashi 19 zuwa 25 cikin 100. Duk malamin da ya ɓoye wa ɗalibinsa wannan adadi ya cuce shi. Sai dai giɓin yana raguwa ainun inda ake juya shuka da kuma inda ake haɗa iri biyu ko uku a gona ɗaya. Aikin mai digiri shi ne ya rage giɓin nan a gonar talaka.

Hanya ta farko ita ce dangin wake. Wanda ya tuge gyaɗa ko wake ko waken suya zai ga wasu ƙananan ƙulli-ƙulli a saiwar. In ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ja-ja, to, ƙwayoyin halitta ne a ciki suna kama naitirojin daga iska kyauta, aikin da masana'antar Bosch take yi da wuta mai yawa. Tun 1886 masana suka tabbatar da haka. Amma in aka sayar da ƙwayar aka kuma sayar da harawar, yawancin ribar ta bar gonar. Sai in an ba dabbobin gida harawar, an mayar da takinsu gona, sa'an nan zagayen yake cika.

Wannan zagaye kuwa manoman karkarar Kano sun daɗe da saninsa. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin a shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gonaki kowace shekara ba hutu, jama'a kuma cunkus, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda tumaki da awaki da ake turkewa da damina, da jakunan da ke kai itace birni su komo da mangalar taki, da gero da dawa da wake da ake haɗawa a kunya ɗaya. Haka nan gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi wa ƙasa taki. A jihar Maradi ta Nijar, tun daga 1983 aka farfaɗo da al'adar barin kututture ya tofo a gona ana yi masa sassabe, har aka ƙiyasta cewa a faɗin ƙasar Nijar itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A Burkina Faso marigayi Yakuba Sawadogo ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a faƙo ana zuba musu taki kafin ruwa ya sauka, har aka ba shi lambar girma ta duniya a 2018.

To, ga amsar tambayar uban nan. Kakan yaron ya san cewa gero yana kyau a ƙarƙashin gawo. Abin da bai sani ba shi ne gawo nawa hekta take bukata, kilo nawa na abinci kowane ɗaya yake bayarwa, da abin da za a yi yanzu da gonar gandu ta rabu gida goma, saura ta ƙare, burtali ya toshe. Kakan ya yi noma a lokacin da ake barin gona ta huta shekaru. Jikan ba shi da wannan sarari. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an san awon da za a ba majiyyaci.

ABIN DA AKE KOYARWA

A yawancin jami'o'in Nijeriya ba a ware noman oganik ya zama digirin farko mai zaman kansa ba. Hanyar ita ce ɗalibi ya shiga tsangayar aikin gona, ya yi digiri na shekara 5, sa'an nan ya karkata ga wannan fanni a aikin bincikensa na shekarar ƙarshe da kuma digiri na biyu. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko kimiyyar noma. Yaron da ya zaɓi wannan fanni domin ya guje wa kemistiri ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin wanda zai bar takin kanti ya fi kowa bukatar sanin abin da ke cikin ƙasa.

A shekarun farko kimiyya ce tsantsa. Daga nan sai ilmin ƙasa, inda ɗalibi zai koyi ɗiban samfuri daga gona, ya auna tsaminta, ya auna abincin da ke cikinta. Zai tarar cewa ƙasar Arewa da yawa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tana da ƙarancin fosfaras, wanda dangin wake ba sa kamo shi daga iska. Dokar oganik ta yarda a yi amfani da garin dutsen fosfat, akwai shi kuwa a jihar Sakkwato da yankin Tawa ta Nijar, amma yana jinkirin narkewa, sai an san ƙasar da yake yi wa aiki.

Zai koyi dafa taki. Tara shara a bola dabam, dafa taki dabam. Ana jera busasshen kara da ɗanyen ganye da kashin dabbobi da ɗan toka hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa domin iska ta shiga. In an haɗa daidai, cikin tulin yakan yi zafin da ya kai awo 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa, cikin wata 3 kuma ya zama baƙin taki mai laushi. In an kuskure sai ya yi wari, naitirojin ya gudu cikin iska, a kai gona a shuka wa kai ciyawa.

Shekara ta huɗu a gona ake yin ta. Ɗalibi zai yi huɗa, ya yi noma, ya kwashe kashin kaji, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. A nan ake gane wanda ya zo karatu da wanda ya zo neman takarda.

YAƘI DA ƘWARI

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne tsare amfanin gona, nan ne kuma bincike ya fi nuna amfaninsa. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kome ta bar darbejiya. Daga wannan lura aka bi diddigi har aka gano sinadarin da ke cikin 'ya'yanta mai hana ƙwaro cin abinci da girma. Darbejiya tana kowace unguwa, amma sanin yawan garin da za a jiƙa da lokacin fesawa, tun da rana tana kashe ƙarfinsa, sai an koya.

A shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya auka wa rogo a Afirka har aka ji tsoron yunwa. Masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Amurka ta Kudu, asalin ƙasar ƙwaron, suka fara sakinsa a 1981. Zanzaron ya yi maganin ƙwaron a faɗin nahiyar ba tare da manomi ya sayi ko kwalba ɗaya ba. A Kenya kuma cibiyar ICIPE ta tsara shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodiyam a tsakanin layukan masara, tana korar tsutsa mai huda kara, tana kuma danne wuta-wuta. Ko wannan dabara za ta zauna sosai inda damina take wata 4 kacal, wannan tambaya ce da ke jiran ɗaliban Arewa.

Maganar ta shafi aljihu. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya, saboda an tarar da maganin ƙwari a cikinsa fiye da kima, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi. Waken da Turai ta ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidaje. Alhali kuwa akwai buhu mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta tsara tare da masu bincike a Kamaru, aka fara yaɗa shi a 2007. In aka ɗaure shi da kyau, iska takan ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba.

IZINA DAGA SIRI LANKA

Akwai kuma darasin da ya wajaba kowane ɗalibi ya riƙe, musamman wanda wata rana zai ba hukuma shawara. A watan Afrilu 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce ƙasar duka ta koma noman oganik. Ba a tanadi takin da zai maye gurbi ba, ba a horar da manoma ba. Shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, ƙasar da take ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye daga waje. A watan Nuwamba na shekarar aka janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta auku, ta haɗu da sauran matsalolin tattalin arziki, har shugaban ƙasar ya gudu a watan Yuli 2022. Jihar Sikkim ta Indiya kuwa ta fara shirinta a 2003, ba ta kammala ba sai 2016, ga ta kuma 'yar ƙarama wadda dama ba ta saba da taki mai yawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Halin Afirka ma dabam yake da na Turai. Sa'ad da shugabannin nahiyar suka taru a Abuja a 2006, abin da manomin Afirka yake zubawa bai wuce kimanin kilo 8 na sinadarin taki a hekta ba, suka ɗauki alkawarin kai shi 50. Baturen da ya koma oganik yana rage abin da ya yi yawa ne. Manomin Kazaure ko Gumel bai taɓa samun isasshe ba. Saboda haka mai digiri a wannan fanni zai yi wa mutane iri biyu aiki: ƙalilan masu neman takardar shaida domin kasuwa, da ɗimbin talakawa waɗanda ilminsa zai sa rabin buhun da suka iya saye ya yi musu aikin buhu guda.

INA AIKIN YAKE?

Uba yana da haƙƙin ya tambayi abin da ɗansa zai ci. Masu sayen riɗi da zoɓo da citta da man kaɗe a ƙasashen waje suna biyan ƙari a kan kayan da ke da shaidar oganik. Samun shaidar kuwa yana da sharuɗɗa. A dokar Turai sai gona ta yi shekara 2 ba a sa mata abin da aka hana ba kafin a shuka amfanin da za a kira oganik, itatuwa masu 'ya'ya shekara 3, a dokar Amurka kuma shekara 3. Dole a rubuta duk abin da ya shiga gona da abin da ya fita. Ƙungiyar manoma ɗari biyar da ba su yi boko ba tana bukatar mai riƙe mata waɗannan littattafai, mai zagaya gonaki, mai horar da su. Akwai aikin malamin gona, akwai sana'ar dafa taki daga sharar kasuwanni da mahauta, akwai bincike da koyarwa. Majalisar zartarwa ta Tarayyar Afirka ta zartar da goyon bayan wannan noma a 2011. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, wadda aka kafa a 1988, tana cikin na gaba wajen shigar da shi manyan makarantu, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta buɗe cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa a 2012. Ba a yi wa kowa alkawarin ofis mai fanka ba. Wanda ya iya aikin dai ba zai rasa mai nemansa ba.

Shawara ga ɗalibi ita ce, kafin ya cika takarda ya gwada kansa a daminar bana. Ya roƙi mahaifinsa kunya 12 a gefen gona, ya raba su uku. Kashi ɗaya ya zuba takin da ya dafa da hannunsa, kashi ɗaya kamfa da yuriya, kashi ɗaya rabi da rabi. Ya shuka iri ɗaya a rana ɗaya, ya rubuta ranar kowane aiki da kuɗin da ya ci, da kaka ya auna da tiya a gaban mahaifin. In ya ga ransa yana son sanin dalilin abin da ya fito, to, fannin nasa ne. In kuwa littafin ya ɓace tun kafin noman farko, gara ya nemi wani fanni tun da wuri.

Shawara ga iyaye kuma ita ce su ba da kunyoyin nan 12. Gonar da za a bar wa yaran nan gado ita ce dai wadda ake nomawa yau, ba za ta ƙara faɗi ba, masu ci daga cikinta kuwa ƙaruwa suke yi. Gidan da ya sami ɗa guda wanda ya san abin da ke cikin ƙasarsa bai yi asarar kuɗin makaranta ba.

Allah ya ba yara sa'ar jarrabawa, ya kawo damina mai albarka.